Rinin Baba a Ƙasar Hausa da Batun Tufafi Masu Ɗorewa

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce wane mai hannu da shuni ne, nufinsa mutumin yana da dukiya. Ana danganta wannan furuci da zamanin da tufafin da suka sha baba, aka kuma buge su da shuni, suke cikin mafi tsadar abin da mutum zai mallaka, har launinsu yakan zuba a hannun mai su. Furucin yana nan daram a bakin jama'a, amma sana'ar da ta haife shi ta ja da baya ƙwarai. A daidai wannan lokaci kuma, masu harkar tufafi a Turai da Amurka da Asiya sun koma neman rinin tsirrai, saboda ɓarnar da rinin masana'antu yake yi wa ruwa da ƙasa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda rinin baba yake aiki, da dalilan ja da bayansa, sannan ta auna shi da abin da ake kira tufafi masu ɗorewa, wato tufafin da samar da su ba ya gurɓata muhalli ko zaluntar ma'aikaci, kuma suna jimawa ana amfani da su. Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, darajar karofi tana cikin tsarinsa ne na mayar da kowace saura cikin aiki, kuma tsarin ba zai tsaya ba sai an raya noman baba tare da rinin.

2.0 Matsayin Rini a Tarihi

Rinin baba tsohuwar sana'a ce a duniya. An tono ƙyallen auduga mai launin baba a Huaca Prieta ta ƙasar Peru wanda ya kai kimanin shekara 6,000. A Afirka ta Yamma kuwa, an sami tufafi masu shuɗin baba a kogunan Bandiagara na ƙasar Mali waɗanda suka faro daga wajen ƙarni na 11. A Kano, marinan Ƙofar Mata suna danganta kafuwar marinarsu da shekarar 1498.

Sana'ar ta kai ƙololuwa ne a ƙarni na 19. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya bayyana saƙa da rini a matsayin ƙashin bayan cinikin birnin. Ya nuna cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, suna kuma kaiwa Tambutu ta yamma, inda ya ƙiyasta kayan raƙumi 300 a kowace shekara. Garin Kura ya yi suna wajen turkuɗi da rawunan da Buzaye suke naɗawa, har ake kiran irin wannan yadi ɗan Kura. Masanin tarihi Philip Shea, a kundin digirinsa na 1975, ya nuna cewa amfani da laso wajen dafe ramukan rini ya ba marina damar gina manyan karofi a maimakon tukwanen ƙasa, abin da ya rage tsadar aiki, ya kuma ƙara yawan kayan da ake fitarwa. Sunayen wurare ma shaida ne, alal misali Karofin Zage a birnin Kano, da unguwar Marina a Sakkwato, da garin Karofi kusa da Dutsin-Ma.

3.0 Yadda Karofi Yake Aiki

Baba tsiro ne ɗan dangin wake, wanda masana tsirrai suke kira Indigofera. Manoma sukan shuka shi a gefen gona ko a tsakanin hatsi, kuma kamar sauran danginsa yana ƙara wa ƙasa taki. Idan ya isa yanka, sai a sare shi, a daddatsa, a bar shi ya ruɓa, sannan a shanya. Daga nan ne yake isa hannun marini.

Karofi rami ne mai siffar rijiya, wanda zurfinsa kan kai gaba biyu ko fiye. Marini yakan cika shi da ruwa, ya zuba baba da toka da katsi, ya rufe, ya bar haɗin ya yi kwanaki yana tsimuwa, yana kuma motsa shi da muciya a kai a kai. Ta wari da kumfa da launin ruwan ne gwani yake gane cewa baba ya nuna.

Abin lura a nan shi ne, babu shuɗi a cikin ɗanyen ganyen baba. Abin da yake ciki wani sinadari ne marar launi, wanda sai ganyen ya ruɓa ya haɗu da iska yake zama shuni. Shi kuwa shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai iya shiga zare yadda yake ba. A nan toka take shigowa. Kaifinta yana shirya ruwan yadda wasu ƙananan ƙwayoyin halitta za su rayu a ciki, su kuwa sai su juyar da shunin zuwa wata siffa mai narkewa, mai launin kore-kore. Idan aka tsoma zane, wannan ruwa yana ratsa zaren. Da zarar an fito da shi ya sha iska, sai shunin ya koma siffarsa ta farko, ya maƙale a cikin zaren. Wannan ne dalilin da ya sa zane yake fitowa kore daga karofi, sannan ya rikiɗe shuɗi a gaban mai kallo. Yawan tsomawa da shan iska shi yake bambanta shuɗi mai haske da baƙi ƙirin. Bayan an shanya, sai a kai wa mabuga, su ɗora a kan gungume, su yi ta bugu, wani lokaci da ƙarin garin shuni, har yadin ya riƙa walƙiya.

Karofi ɗaya yakan yi watanni yana aiki. Idan ƙarfinsa ya ƙare, sai a kwashe laka da ta kwanta a ƙasansa, a cura, a shanya, a ƙona. Wannan shi ne katsi, kuma yana komawa cikin sabon haɗi. Haka kuma, idan aka haɗa katsi da gashin jima da ruwan dafara, sai a sami laso, wanda ake dafe sabon karofi da rufin soro da shi. Ke nan, sharar marini kayan aikin magini ce, sharar majemi kuma kayan aikin marini.

4.0 Sauran Tsirran Rini

Baba ba shi kaɗai ne tsiron rini ba. Ana samun ja daga karan dafi, wanda dukawa suke rina fata da shi. Ana samun rawaya daga saiwar tsiron da ake kira rawaya da kuma gangamau. 'Ya'yan bagaruwa, idan aka haɗa su da tsatsar ƙarfe, suna ba da baƙi. A ƙasar Yarabawa, matan Abeokuta da Ibadan da Osogbo suna rina adire da ganyen elu, wanda Hausawa suke kira talaki. A Mali, ganyen marke ne ake fara jiƙa yadi da shi kafin a zana masa laka. Bambancin da yake tsakani shi ne, yawancin waɗannan launuka suna buƙatar wani abin da zai riƙe su a jikin zare, kamar alif ko ƙarfe, alhali baba ba ya buƙatar komai.

5.0 Zuwan Rinin Masana'antu

A 1856 William Perkin ya haɗa launi na farko daga kwaltar gawayi a Ingila. A 1883 Adolf von Baeyer na Jamus ya gano tsarin sinadarin shuni, kuma a 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta. Kafin 1914 cinikin baban Indiya, wanda shi ne mafi girma a duniya, ya durƙushe. A ƙasar Hausa, raguwar fataucin Sahara da shigowar yadin Turai sun rage kasuwar turkuɗi. Daga baya aka sami rinin gwangwani, wanda ake haɗawa da soda mai ƙuna da sinadarin haidurosalfayit, a gama cikin sa'o'i kaɗan aikin da karofi yake ɗaukar kwanaki. Masaƙun zamani da suka faro a Kaduna a 1957 sun ƙara matsa wa sana'ar, kafin su ma yadin Sin da gwanjo su durƙusar da yawancinsu. An san a rina, in ji masu iya magana: da marini ya daina sayen baba, sai manomi ya daina shuka shi.

Sauƙin rinin masana'antu yana da farashinsa. Ruwan da ya rage bayan an gama yana ɗauke da gishiri da sinadarai masu ƙuna, kuma sau da yawa kwata ake zuba shi. Kogin Challawa da rafin Jakara a Kano sun daɗe suna karɓar dagwalon masana'antun jima da na yadi, alhali da ruwansu ake noman rani.

6.0 Abin da Rinin Tsirrai Zai Iya da Wanda Ba Zai Iya Ba

Wajibi ne a yi hattara da ɗaukar duk abin da ya fito daga tsiro a matsayin marar aibi. Da farko, sinadarin shunin baba da na masana'anta iri ɗaya ne. Bambancin yana ga hanyar samar da shi da hanyar narkar da shi. Marinin da ya zuba baba a ruwan haidurosalfayit bai tsira daga gurɓata ruwa ba. Na biyu, shunin da ake samu daga ganye ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da nauyin ganyen, alhali duniya tana amfani da dubban tan a kowace shekara, galibi wajen rina wandon jins. Maye gurbin wannan duka da baba zai cinye gonakin abinci. Na uku, wasu masu rinin tsirrai suna riƙe launi da gishirin tagulla ko na kuza ko na kurom, waɗanda suke da guba. Na huɗu, tarihi ya nuna cewa rinin tsirrai ma yana iya tafiya da zalunci. Manoman Bengal sun yi tawaye a 1859 saboda tilasta musu noman baba, kuma irin wannan tilas ce ta kai Gandhi Champaran a 1917.

Saboda haka, gurbin karofi yana ga tufafi masu daraja waɗanda ake saya don su jima, irin su riga da rawani da zane da kayan ɗaki, waɗanda idan sun koɗe za a iya mayar da su marina a sake rinawa. Cika wannan gurbi yana buƙatar abubuwa uku. Dole manomi ya sami tabbacin mai saye kafin ya shuka baba. Dole a bambance wa mai saye rinin karofi da rinin gwangwani, domin idan aka sayar da su da suna ɗaya, mai arha ne zai kori mai wahala. Dole kuma ladan aikin ya isa ya riƙe matashi a marina, domin sanin nunar baba ta wari da kumfa ba a samunsa sai da shekaru a gaban gwani.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa rinin baba tsari ne da ya haɗa manomi da masaƙi da marini da mabugi da majemi da magini, inda saurar wannan take zama kayan aikin wancan. Irin wannan tsari ne masu neman tufafi masu ɗorewa suke ƙoƙarin ƙirƙirowa a yau. Akwai aiki a gaban manazarta harshe da al'adu na tattara kalmomin sana'ar, irin su katsi da laso da turkuɗi, tare da bayanin aikin da kowace take nufi, tun dattawan da suka san su suna raye. Akwai kuma aiki a gaban masana aikin gona na adana irin baba da inganta nomansa, domin ramin da ba a zuba masa baba ba, komai tsufansa, ba ya rina ko ƙyalle.