Hausawan Gadarif: Daga Mulkin Turawa Zuwa Zama 'Yan Ƙasa

Ranar 1 ga Janairun 1956 aka ɗaga tutar Sudan a Khartum, mulkin mallaka ya kau. Sai dai ga Hausawan Gadarif, can gabashin ƙasar kusa da iyakar Habasha, wannan rana ba ta warware babbar tambayarsu ba: wane ne ɗan Sudan? Fahimtar dalili sai an bi tarihin daki-daki.

A fara daga 1898. Ranar 2 ga Satumban shekarar sojojin Ingila da na Masar suka murƙushe rundunar Khalifa Abdullahi, magajin Mahadi, a Karari kusa da Omdurman. Kafin watan ya ƙare wata runduna ta taso daga Kasala ta kama Gadarif. A 1899 aka sa hannu kan yarjejeniyar mulkin haɗin gwiwa. A takarda ƙasar ta Ingila da Masar ce, a aikace kuwa Gwamna-Janar Bature ke riƙe da akala.

Bayan shekara huɗu guguwar nan ta iso ƙasar Hausa. Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi hijira gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Tun gabanin haka alhazai na ratsa Sudan a ƙasa, suna yada zango su yi noma don neman guzuri. Hijirar ta ƙara yawansu, da yawa kuma zangon ya zame musu gida.

Sai kuma batun noma. Gadarif na da baƙar ƙasa mai laka da wadatar damina. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya haɗa ta da Kasala da Sinnar, sannan wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka soma noman dawa da tarakta a Gadambaliya. Amma tarakta ba ta yanke riɗi, wanda shi ma ake nomawa a yankin. Idan riɗi ya nuna, cikin 'yan kwanaki ake yanke shi da lauje, a ɗaure dami-dami a jingine a tsaye, in an yi jinkiri kwanson ya fashe ƙwayar ta zube. Hannu ake bukata, kuma Hausawa da sauran mutanen yamma, waɗanda ake kira Fallata, suna cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi.

A daidai lokacin ne 'yan bokon Sudan suka tashi da neman 'yanci. Sun kafa ƙungiyarsu a 1938, suka miƙa wa gwamnati takardar bukatu a 1942, daga baya suka rabu biyu: masu son haɗewa da Masar, da jam'iyyar Umma mai son Sudan ta tsaya da ƙafarta. Yarjejeniyar 1953 ta buɗe ƙofar zaɓe, Isma'il al-Azhari ya zama Firayim Minista, majalisa ta ayyana 'yanci ranar 19 ga Disambar 1955.

To, a nan gizo ke saƙa. Dokar 1948 da ta fayyace ɗan Sudan ta ce sai wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disambar 1897. Dokar 1957 ta riƙe wannan sharaɗi. A lura da lissafin: masu hijirar Burmi sun iso bayan 1903, ke nan doka ta bar su a waje, su da 'ya'yansu. Mutumin da aka haifa a Gadarif, ya binne ubansa a Gadarif, zai je neman takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, a ce ya kawo shaidu kan inda kakansa yake tun kafin zuwan Turawa. Rashin takardar nan kan toshe hanyar aikin gwamnati da rajistar gona.

Gyara ya zo a hankali. A zamanin Shugaba Numeiri an matso da shekarar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta mai da ita ranar samun 'yancin kai. Amma sauya doka ya fi sauya zukata sauƙi. Shi ya sa a Yulin 2022, bayan rikicin jihar Bulu Nayil da ya ci rayukan Hausawa da dama, 'yan'uwansu suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Khartum.

Hakkin Hausawan Gadarif bai rataya a kan alfarmar kowa ba. Guminsu na cikin dawar da ke ciyar da Sudan, kuma sun haura shekara ɗari a ƙasar. Korar Bature rabin aiki ne. Sauran rabin, wato ƙasa ta ɗauki duk 'ya'yanta daidai wa daida, shi ne bashin da ke kan Sudan har yau.