Ƙwaya, sirof ko allura: Dalilin da ya sa magani ke zuwa a siffofi daban-daban

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon magani a Dogarawa, ko a layukan kasuwar Sabon Gari, ko a bakin titin Samaru, ya san roƙon da aka fi yi wa mai shago: a yi wa mara lafiya allura, domin ƙwaya ba ta yi masa aiki. Wata uwar kuma sirof take nema wa ɗanta, idan aka ba ta ƙwayar da ake narkarwa a ruwa sai ta ga kamar an tauye ta. A tunanin mutane da dama magunguna hawa-hawa ne, ƙarin ruwa a sama, allura na biye masa, ƙwaya kuwa a ƙasa.

Masana harhaɗa magunguna ba haka suke kallon lamarin ba. A Tsangayar Kimiyyar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai sashe guda da ke nazarin siffar da za a ba kowane magani. Ana zaɓen siffar ne bisa halin sinadarin, da wurin da ake so ya isa a jiki, da saurin da ake buƙata, da kuma shekarun mara lafiya. Saboda haka siffar wani ɓangare ce ta maganin kansa, kuma wanda ya sauya ta da ka yana iya lalata maganin ko ya mayar da shi guba.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Masu maganin gargajiya sun daɗe da bambanta jiƙo da tsimi, da garin da ake zubawa a kunu, da wanda ake kwaɓawa da man kaɗanya a shafa, da na hayaƙi da na sirace. Abin da kimiyyar zamani ta ƙara shi ne awo, wato sanin adadin sinadarin da ke cikin kowace ƙwaya ko kowane cokali.

Ƙwaya da kafso

Ƙwaya ce siffar da ta fi yawa, saboda ta fi araha, ta fi jure ajiya, kuma awonta a ƙayyade yake tun daga masana'anta. Sau da yawa ainihin maganin ɗan kaɗan ne a cikinta. Ƙwayar amlodipine ta hawan jini, misali, na iya ɗauke da miligiram 5 kacal na sinadarin, abin da bai kai nauyin ƙwayar dawa ɗaya ba. Sauran jikinta sitaci ne da wasu abubuwan da ke riƙe ta kada ta farfashe a hanya, sannan su sa ta watse idan ta isa ciki. Masu bincike a Samaru sun yi nazari a kan amfani da sitacin amfanin gonar gida, irin su masara da rogo, a wannan aiki.

Akwai ƙwayoyin da aka lulluɓe da wani rufi domin kada su narke sai sun wuce tumbi sun shiga hanji, ko dai don ruwan tsamin ciki na lalata su, ko don suna iya ƙona cikin. Akwai kuma waɗanda aka tsara su riƙa sakin magani sannu a hankali har tsawon yini, kamar wasu nau'o'in nifedipine na hawan jini da metformin na ciwon suga. Ana gane su da haruffa irin su SR ko XR ko CR a jikin kwali. Wanda ya daka irin wannan ƙwaya ko ya tauna ta, ya zuba wa jikinsa maganin yini guda a lokaci ɗaya. Ƙwayar da aka yi wa tsaga a tsakiya ita ce galibi aka yarda a raba biyu. Haka shi ma kafso, haɗiye shi ake yi da ruwa yadda yake. Buɗe shi a barbaɗa garin a kan gyambo, kamar yadda wasu ke yi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, amfani ne da magani ta hanyar da ba a gwada shi ba.

Maganin ruwa da na yara

An tanadi maganin ruwa ne domin yara da tsofaffi da duk wanda haɗiyar ƙwaya ke yi wa wuya. Iri biyu ne. A sirof maganin ya narke gaba ɗaya. A ɗaya nau'in kuwa garin maganin yana yawo ne a cikin ruwan, yana kwantawa a ƙasan kwalba, shi ya sa ake rubuta a girgiza kafin a sha. Idan ba a girgiza ba, cokulan farko kusan ruwa ne zalla, na ƙarshe kuma sun yi kauri fiye da ƙima.

Amoxicillin na yara yakan zo a busasshen gari cikin kwalba, domin ba ya daɗewa idan ya haɗu da ruwa. Ana zuba masa tafasasshen ruwan da ya huce daidai layin da ke jikin kwalbar, a yi amfani da shi cikin kwanakin da aka rubuta, galibi mako guda, sannan a zubar da saura. Awo kuma da ɗan kofi ko cokalin da ya zo a kwalin ake yi, domin cokulan gida sun bambanta da juna, yayin da awon likita mililita 5 ne cif.

Ruwan da ke ɗauke da magani shi ma yana da nasa haɗarin. Farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka masana'antu ke amfani da wasu sinadaran narkarwa. A ƙarshen shekarar 2008 an samu gurɓataccen sinadari mai suna diethylene glycol, wanda masana'antu ke amfani da shi a irin su man birki, a cikin maganin haƙoran yara mai suna My Pikin da aka haɗa a Legas. Ƙodar yaran da suka sha ta daina aiki, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello na cikin asibitocin da suka karɓi waɗannan yara. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta bayyana cewa yara 84 ne suka rasu a faɗin ƙasar. Irin wannan gubar ce ta kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar maganin tari. Daɗin sha da sirof ke da shi kuma ya sauƙaƙa shaye-shayen maganin tari mai kodin, har Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018.

A 'yan shekarun nan hukumomin lafiya sun karkata ga ƙwayar da ke narkewa a ɗan ruwa ko a nonon uwa, domin ta haɗa sauƙin shan sirof da ƙayyadadden awon ƙwaya, ba ta kuma buƙatar firiji. A wannan siffa ake ba da sinadarin zinc tare da ruwan gishiri da suga ga yaro mai gudawa, da kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 a lokacin damina.

Gaskiyar lamari game da allura

Allura tana da muhallinta. Ana yin ta idan mara lafiya ya suma, ko yana ta amai, ko ana buƙatar magani ya isa jini nan take. Wasu magungunan kuma ba su da wata hanya, kamar insulin na masu ciwon suga, wanda ciki ke narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama idan aka haɗiye shi.

Zazzaɓin cizon sauro ya isa misali. Idan bai yi tsanani ba, maganin da aka amince da shi ƙwaya ce ta artemether da lumefantrine, sau shida cikin kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko madara don jiki ya tsotse ta da kyau. Idan ya yi tsanani, da suma ko jijjiga, sai a koma ga allurar artesunate a asibiti na aƙalla awa 24. Da zarar mara lafiya ya iya haɗiya kuma, dole ya kammala da ƙwayar ta kwana uku. Wanda aka yi wa allura ya ji sauƙi ya tsaya nan, ya bar ragowar cutar a jininsa.

Allura tana tsallake duk kariyar da fata da ciki ke bai wa jiki. Sirinjin da aka maimaita yana yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Allurar da aka yi a gurbin da bai dace ba a ɗuwawun yaro tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa ta bar shi da ɗingishi. Maganin da aka haɗiye ana iya rage illarsa a asibiti kafin ya gama shiga jini, wanda aka zuba a jijiya kuwa ya riga ya shiga. Lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, PCN, ke bai wa ƙananan shagunan kemis na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne a cikin kwalinsu na asali, bai haɗa da yin allura ko ƙarin ruwa ba.

Na shafawa, na ɗigawa da na shaƙa

Wasu siffofin an yi su ne don kai magani wurin ciwon kai tsaye. Mai asma da ƙurar hunturu ke tayar wa ciwo yana samun mikrogiram 100 na salbutamol a kowace fesa ta abin shaƙa, yayin da ƙwayar maganin ke ɗauke da miligiram 2 ko 4. Ƙwaya mai miligiram 4 ta ninka fesa ɗaya sau 40 ke nan, amma abin shaƙar ya fi saurin buɗe ƙirji, kuma bai kai ƙwayar jawo rawar hannu da bugun zuciya ba, domin huhu yake tafiya kai tsaye.

Maganin ɗigawa a ido ana haɗa shi da tsafta irin ta allura, kuma galibi ana jefar da shi bayan mako huɗu da buɗewa. Ba a sa na kunne a ido. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan samun jarirai a wasu ƙasashen Afirka da idanunsu suka lalace, wasu har suka makance, saboda an ɗiga musu chlorhexidine, maganin da aka yi don shafawa a cibiya. Akwai kuma maganin matsi da ake sawa ta dubura, kamar artesunate da ake bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara shida mai tsananin zazzaɓi domin ya riƙe shi kafin a isa asibiti.

Abin lura kafin a bar shago

Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30 na zafi, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Zariya kan haura haka nesa. Maganin da ya wuni a faranti a kan mai talla, ko a cikin mota a rana, yana iya rasa ƙarfinsa tun kwanan da aka rubuta bai cika ba. Insulin da alluran rigakafi kuwa sanyin digiri 2 zuwa 8 suke buƙata.

Ya kamata mai saye ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, ya kuma guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutum a leda babu suna. Sannan ya tambayi masanin magani ta wace hanya ake amfani da maganin, ko ana iya raba shi ko daka shi, da kwana nawa zai yi bayan an buɗe. Idan yaro ya kasa haɗiye ƙwaya, a koma a nemi siffar da aka yi domin yara kafin a kai hannu ga turmi.