Me ya sa kwamfutar lissafi ke nawa, kuma yaya za a tsare bayanan ciniki?

Yanzu ƙungiyoyin fatake da manyan shagunanmu a Agege, Sabon Ibadan da Fatakwal sun fara mayar da littafin bashi cikin kwamfuta. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, ni ke riƙe wa Baba lissafi, don haka zan yi bayanin matsaloli uku da suka fi damun masu wannan aiki.

Manhajar da ke ajiye lissafin ana kiranta rumbun bayanai, kamar MySQL, PostgreSQL ko SQLite. Tsarin ya samo asali daga wani masani a kamfanin IBM, Edgar Codd, a 1970. Komai a tebur-tebur yake: teburin mahauta daban, na shanu daban, na biyan kuɗi daban, kuma lambar kowane mutum ce ke haɗa su. Yaren da ake yi wa rumbun tambaya shi ne SQL.

Matsala ta farko, nawa. Ka nemi bashin mahauci ɗaya, kwamfuta ta yi ta juyi. Galibi dalilin shi ne tana bin layukan tebur ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman sa guda a kara ba tare da ya san turkensa ba. Maganinta fihirisa, wato jerin da rumbun ke ajiyewa a tsare don ya tafi kai tsaye inda bayanin yake. Ka rubuta EXPLAIN a gaban tambayarka, zai nuna maka ko fihirisa yake bi ko duk teburin yake karantawa. Amma fa kar a cika su, domin duk cinikin da aka shigar sai an sabunta kowace fihirisa. A sa ta kan abin da ake yawan nema, kamar lambar waya ko ranar ciniki.

Ta biyu ta fi haɗari. Umarnin DELETE ko UPDATE in babu WHERE, to kowane layi a teburin zai shafa. Kana son goge bashin mutum ɗaya, sai na kowa ya tafi. Kafin ka goge, fara gwadawa da SELECT ka ga layukan da abin zai taɓa.

Ta uku, kwafin ajiya. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya goge bayanan babban rumbunsu bisa kuskure. Da suka koma kan kwafe-kwafensu, sai ga shi da dama ba sa aiki, suka yi asarar bayanan kusan awa 6. To ka ga, kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba abin dogaro ba ne.

Ƙa'idar da masana ke bi ita ce 3-2-1: kwafi 3, a na'ura iri 2, sannan 1 a wani wuri daban. Mu da muke zaune a kasuwannin da gobara ko rikici kan tashe mu dare ɗaya, kwafin da ke cikin shago tare da kwamfutar ba zai cece mu ba. A ajiye ɗaya a intanet ko a gida, kuma duk wata a buɗe shi a tabbatar lissafin ya cika.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu.