Gardamar 'Yan Kallo a Kan Yaƙin Dodanni na Rook's Rest

Ran 7 ga watan Yuli na 2024 kamfanin talabijin na HBO da ke Amurka ya nuna kashi na huɗu a zango na biyu na wasan kwaikwayon nan da a ke kira House of the Dragon, watau Gidan Dodo. A cikin wannan kashi ne aka gwabza yaƙi a sararin sama tsakanin dodanni uku, a bisa wata 'yar ganuwa ta bakin teku mai suna Rook's Rest. Abin da wannan takarda za ta duba shi ne yadda 'yan kallo suka karɓi yaƙin, da kuma dalilin da ya sa gardamarsu ta fi ƙarfi a kan abin da ido bai iya gani ba, watau niyyar mahayan.

Tun da farko sai a daidaita suna. Dabbar da Turawa su ke kira diragon ba ta da takamaiman suna a Hausa. Siffarta ta ƙaton ƙadangare ce mai fukafukai irin na jemage, kuma tana fesa wuta ta baki. An ce mata dodo a nan don rashin abin da ya fi, amma mai karatu ya lura ta sha bamban da dodon tatsuniya. Shi dodon tatsuniya abokin gaba ne, yana magana, yana cin mutane, kuma sau da yawa da wayo a ke kā da shi. Na wannan wasa kuwa abin hawa ne na 'ya'yan sarauta, matsayinsa ga mai shi kamar matsayin ingarma ne ga barde, ba ya magana, sai dai yana jin umurni cikin wani harshe da a ke kira Baliriyanci. Masu nazarin harshe za su so su san cewa wani masani ne, David J. Peterson, ya tsara wa harshen nahawu da kalmomi tun a wasan da ya gabaci wannan, watau Game of Thrones, wanda aka nuna daga 2011 zuwa 2019.

Asalin labarin daga littafin Fire & Blood ne, wanda George R. R. Martin ya fitar a 1918 da ɗari, watau 2018, kuma rigimar da ke ciki ta 'yan ubanci ce. Sarki Viserys ya naɗa 'yarsa Rhaenyra magajiya, amma da ya rasu sai fadawa suka ɗora ɗansa Aegon, wanda ba uwarsu ɗaya da ita ba. Gida ya rabu biyu, mutanen Rhaenyra su ne Baƙaƙe, na Aegon su ne Koraye. Marubucin bai ɓoye ba cewa ya ɗauko tushen wannan daga basasar da aka yi a Ingila bayan rasuwar Sarki Henry na ɗaya a 1135, tsakanin 'yarsa Matilda da ɗan 'yar'uwarsa Stephen. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan bayani shi ne yadda aka tsara littafin. An rubuta shi kamar littafin tarihi ne da wani malami ya tattara shekaru da yawa bayan aukuwar abin, yana dogara ga ruwayoyi masu saɓa wa juna, har da ta wani malamin addini da ta wawan sarki. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tarihin baka daga bakin dattawa ya san irin wannan, inda a kan ce waɗansu sun ce kaza, a wata ruwaya kuma an ce kaza, a bar mai sauraro da zaɓi. Na'urar ɗaukar hoto ba ta da wannan dama. Tilas ta nuna fuska ɗaya, da motsi ɗaya, kuma da zarar ta nuna to ta yanke hukunci.

Ga yadda littafin ya kawo yaƙin. Mayaƙan Koraye suka kewaye ganuwar don su jawo dodon Baƙaƙe cikin tarko. Gimbiya Rhaenys, wata dattijuwa 'yar'uwar marigayi sarki (kada a rikita sunanta da na Rhaenyra), ta kawo gudummawa bisa jan dodonta Meleys. Sai Aegon bisa Sunfyre mai ruwan zinariya, da ƙanensa Aemond bisa tsohuwa Vhagar wadda ta fi duk dodanni girma, suka auka mata tare, bisa shiri. Dodannin uku suka sarƙe suka faɗo ƙasa, Rhaenys da Meleys suka halaka, Aegon ya ƙone ƙwarai. Littafin bai tuhumi Aemond da kome a kan ƙunar wansa ba.

A talabijin kuwa an sāke abin. Aegon ya zo ne a buge, ba a gayyace shi ba, sabo da haushin raini da ya sha a majalisarsa. Aemond yana laɓe da Vhagar cikin kurmi, ya ga wansa ya shiga faɗa, ya dakata tukuna, sa'an nan ya taso ya ba da umurnin wuta alhali dodannin biyu suna riƙe da juna. Bayan ƙura ta lafa aka same shi tsaye kusa da inda wan ya faɗi, takobi a zare.

Wannan sauyi ne ya raba 'yan kallo. Waɗanda suka karanta littafin, da yawa cikinsu sun ga an ɗora wa Aemond laifin da ba a ruwaito ba, an kuma mai da Aegon sakarai, shi da littafi ya nuna ya shiga yaƙi da saninsa. Waɗansu suka amsa cewa malamin da ya tattara tarihin ai bai hau sama ba, waɗanda ke ƙasa kuwa hayaƙi da wuta kaɗai suka gani, don haka abin da aka nuna bai ƙaryata ruwaya ba, giɓinta ya cike. Wannan hujja tana da ƙarfi, amma ta zo da wata matsala. Ran 23 ga Oktoba na 2022, a ƙarshen zango na farko, an nuna yadda Vhagar ta cinye Lucerys ɗan Rhaenyra, wanda ya tsiyaye wa Aemond ido tun suna yara. Littafi ya kawo wannan kisa a matsayin ramuwa da gangan, amma masu wasan suka nuna dodon ne ya ƙwace, Aemond yana ta ƙoƙarin hana shi. Ashe ke nan sun cire niyya inda littafi ya sa ta, sun kuma sa ta inda littafi bai sa ba. Mai son ya kāre su a wuri ɗaya da hujjar giɓin ruwaya, sai ya karɓi ɗaya wurin ma, kuma ba kowa ya yarda ya yi haka ba. Galibi mutum ya karɓi sauyin da ya wanke ɓangarensa ne, ya ƙi wanda ya shafa masa baƙi. Kamfanin ma da hannunsa a ciki, gama a watan Maris na 2024 ya fitar da tallace-tallace biyu, ɗaya na Baƙaƙe ɗaya na Koraye, yana kiran jama'a su zaɓi gida.

Gardama ta biyu a kan Rhaenys ce. An nuna ta sami hanyar tsira, ta juya za ta tafi, sa'an nan ta komo, Vhagar ta ɓullo daga bayan ganuwar ta cafke wuyan Meleys. Masu yabo suka ce mutuwar jaruma ta yi, suka kuma yaba wa Eve Best, wadda ta fito a matsayinta, don da ido kaɗai ta nuna ta san ba za ta koma gida ba. Masu suka kuwa ra'ayinsu shi ne faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa, ta jawo wa ɓangarenta asarar babban dodo a banza. Suka kuma tono tsohon zance: a kashi na tara na zangon farko ta fasa ƙasa da Meleys ta fito a tsakiyar bikin naɗin Aegon, dukan Koraye suna gabanta, ba ta ƙone su ba. Wannan ma ba ya cikin littafi. Waɗansu kuma abin dariya suka mai da shi, suna tambaya yadda dabba mai girman tsauni ta ke iya yin sanɗa.

A kan abu ɗaya ne kusan baki ya zo ɗaya, watau an yi yaƙin da rana tsaka, kowa ya ga abin da ya faru. Wannan yabo yana da tarihi, domin a watan Afrilu na 2019 'yan kallo sun yi kuka da wani babban yaƙin dare a Game of Thrones wanda duhu ya hana su rarrabe dodo da gajimare, har mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, ya ce laifin daga saitin akwatunan talabijin ɗinsu ne.

Akwai kuma abin da malamin adabi zai tsaya a kansa. A hotunan da 'yan kallo suka ɗauki kansu suna kallo suka sa a YouTube, da kuma abin da suka rubuta daga baya, juyayi ya fi karkata ga dabbobin. Masu wasan sun nuna sojoji suna ƙonewa, waɗansu Vhagar ta tattake su da ƙafa, amma ba a sanar da sunan ko ɗaya ba. Sunfyre kuwa an nuna shi yana goga kansa a ƙirjin Aegon kafin su tashi, an kuma ji kukansa sa'ad da Meleys ta yage shi. Ita ma Meleys an nuna ta waiwayi uwargijiyarta, wuyanta yana bakin Vhagar, kafin su faɗo tare.