Darasin Zanga-zangar Agusta

Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba kowa 'yancin yin taro cikin lumana. Amma ranar 1 ga Agusta, 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Kano. Ɓata-gari suka wawashe cibiyar NCC, aka sa dokar hana fita. Cikin waɗanda aka kama har da yara, aka gurfanar da su a kotu a Abuja a watan Nuwamba, daga baya aka sake su.

'Yan uwa ɗalibai na cikin badala, idan taro ya fara hargitsewa mu kama hanyar gida. Kada mu taɓa kayan da ba namu ba. Kada mu ɗora hoton wani a Facebook ko TikTok ba da izininsa ba, domin hoto ɗaya zai iya sa a kama marar laifi.