Bayani a Kan Furen Amarya Mai Yin Saiwa

Al'ada ce ta Turawan Ingila da Amurka, ran ɗaurin aure amarya takan fito riƙe da ɗan damin furanni, a kuma jera waɗansu bisa teburan walima. In taro ya watse, kowane baƙo akan ba shi 'yar tsaraba ya tafi da ita gida, kamar yadda ake raba goro da alawa a ƙasar Hausa. Mutanen Italiya kuwa goron bikinsu shi ne ƙwayar lauzu 5 da aka lulluɓe da sukari, kowace da fatanta: lafiya, da arziki, da farin ciki, da haihuwa, da tsawon rai.

To, fure yankakke abu ne mai ƙaramin kwana. Akasarin wardin da ake sayarwa a Amurka daga Kolombiya da Ekwado yake zuwa cikin jirgin sama, na Turai kuwa mai yawa daga gefen tafkin Naibasha na ƙasar Kenya. Tun daga gona har kanti sai an tsare shi cikin sanyi, kana bayan biki da mako guda ya yi yaushi, a zubar. Saboda haka, tun wajen shekarar 2010 masu aikin furanni suka shiga sa waɗansu tsirrai masu kaurin ganye cikin damin amarya da tsarabar baƙi. Hotunansu suka bazu ta Pinterest da Instagram, farin da aka yi a jihar Kalifoniya daga 2012 zuwa 2016 kuma ya daɗa sa mutane son shukar da ba ta shan ruwa da yawa.

Waɗannan tsirrai su ne masu tanadin ruwa cikin ganye ko jiki, watau irin halin zabuwa da ƙerana da aguwa, waɗanda kowane manomi ya sani. Wanda aka fi so domin biki sunansa Echeveria. Asalinsa daga duwatsun Meksiko da maƙwabtanta ne, an kuwa raɗa masa sunan a 1828 domin tunawa da Atanasio Echeverría, wani gwanin zanen tsirrai na ƙasar. Ganyensa a jere yake, zobe bisa zobe, har mai gani ya zaci wardi ne aka sassaƙa da kakin zuma. Akwai kuma Sempervivum na duwatsun Turai, ma'anar sunansa da Latin ita ce mai rai kullum.

Dalilin jimirinsu kuwa shi ne, kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi da yake shaƙar iska ta cikinsu. Sauran tsirrai da rana suke buɗe nasu, ruwan jikinsu ya yi ta fita. Waɗannan kuwa sukan rufe da rana, sai dare ya yi sanyi su buɗe. Don haka ko an raba ɗayansu da saiwarsa, yakan yi makonni bai yi yaushi ba.

Ga yadda ake aikin. Mai furanni yakan yanke kan tsiron daga gindi, ya soka waya ta ƙasansa, ya lanƙwasa ta, ya naɗe da kyalle mai danƙo, ta zama kara, domin shi ba shi da dogon kara irin na wardi. Sa'an nan ya ɗaure shi tare da sauran furanni. Sai dai yana da nauyi saboda ruwan cikinsa, don haka biyu ko uku sun isa dami guda. Har ila yau akwai wata farar hoda bisa ganyen wadda take tsare shi daga rana. In yatsa ya goge ta ba ta komowa, shi ya sa ake kama shi ta gindi. Na baƙi kuwa akan dasa su cikin ƙananan tukwane masu faɗin inci 2, a ajiye ɗaya gaban kowa.

Fa'idar tana zuwa ne bayan biki. Sai a zare wayar, a bar wurin yankan ya bushe kwana biyu ko uku a inuwa, a aza shi bisa busasshiyar ƙasa mai rairayi. Cikin 'yan makonni sai ya yi saiwa, daga baya ya yi 'ya'ya a gefensa. Ko ganye guda ya faɗi, yakan tsira. Dasa furen biki ba baƙon abu ba ne ga Turawa. A 1845 an ba Sarauniya Biktoriya ɗan damin furanni da reshen wani tsiro da ake kira matil a ciki, aka dasa shi a gidanta na Osbon. 'Yarta ta riƙe reshensa ran aurenta a 1858, amaren gidan sarautar Ingila kuma suka ɗore da wannan, har da bikin 2011 da na 2018.

Amma rashin sani ya fi dare duhu. Akwai sharuɗɗa uku da ya kamata mai saye da mai sayarwa su kiyaye.

Na farko, ruwa. Falken goro ya san huhu ba ya son bushewa, sai ana yayyafa masa ruwa. Wannan tsiro kishiyar goro ne: yawan ruwa shi ke ruɓar da shi. Lalle tukunya ta kasance da huda a gindi, kada kuma a ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau. Yana son haske, amma ranar bazara irin ta Sakkwato ko Damagaram tana ƙona ganyen Echeveria, sai a inuwar zaure ko ta bishiya.

Na biyu, dafi. Ba kowane mai kaurin jiki ya dace da hannun amarya ba. Farin ruwan tinya da na ƙerana yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantarwa, tinya kuwa maharban da sun sa ta cikin dafin kibiya. Ƙariya, duk da kyan jan furenta, guba ce. Wanda ya raba irin waɗannan a gidan biki, inda yara ke kai da kawowa, ya raba cuta.

Na uku, asalin kaya. Galibin na biki a lambu ake renonsu, wannan ba laifi. Amma da sha'awar tsirran ta yaɗu, sai masu tara iri-iri, musamman a Koriya da Sin, suka shiga biyan kuɗi mai yawa domin na daji. Ɓarayi suka far wa wani iri mai suna Dudleya a gaɓar tekun Kalifoniya, har a 2021 jihar ta kafa doka mai tarar da takan kai dala 50,000 a laifin farko. A Afirka ta Kudu kuwa, daga 2019 zuwa 2024 hukuma ta ƙwace tsirrai fiye da miliyan 1 a hannun 'yan fasa-ƙwauri. Da yawansu Conophytum ne, ɗan ƙanƙane mai kama da tsakuwa, wanda wani irinsa ba a samunsa ko'ina a duniya sai a kan tudu guda. Mutum ɗaya da buhu yana iya ƙarar da shi cikin dare ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ba don mai saye ba, da mai tonowa bai fita ba.

Falken da yake nufin shiga wannan ciniki ya sani akwai yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a birnin Washinton a 1973, Nijeriya da Nijar da Gana duk suna cikinta. Bisa ƙa'idarta, akasarin dangin zabuwa da na ƙerana ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini.

Alhasali, tsarabar da ake ci tana ƙarewa ran biki, wadda ake dasawa kuwa tana iya kai ran sunan ɗan fari. Sai dai ba ta zama alheri sai mai bayarwa ya san lambun da ta fito, ya tabbata ba ta da dafi, ya kuma gaya wa mai karɓa yadda zai rene ta. Haza wasalam.