Ido Ba Ya Ganin Ƙwayar Cuta

Idan yaro ya kwanta da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro a Kurmin Kogi, sau da yawa sai a ce mura ce, a garzaya kemis. Amma mura da mashaƙo kan fara da alamu iri ɗaya, kuma mashaƙo na kisa. Ɗakin gwaje-gwaje ne ke raba gardama.

A daminar 2023, da aka ga alamun mashaƙo a jikin wasu yara a Ƙaramar Hukumar Makarfi, Abuja aka tura samfurinsu. A unguwar Gaduwa ne hukumar NCDC ke da babban ɗakin gwaji na ƙasa. Irin wannan sakamako ne ke nuna wa ma'aikatan lafiya maganin da za su bayar da rigakafin da za su kawo.

Sanƙarau da ya addabi Zamfara da Sakkwato a 2017 ya isa darasi. An riga an yi wa jama'a rigakafin nau'in A, sai gwaji ya nuna nau'in C ne ke ɓarna. Dole aka nemo wata allurar daban.

Nan kusa, cibiyar tarin fuka ta Saye a Zariya na gano ko ƙwayar tarin ta daina jin magani.

Don haka 'yan uwa ɗalibai, idan ƙaninku ya kwanta, ku matsa a kai shi asibiti kafin a ɗura masa kafso. Maganin da aka sha da ka yana iya ɓoye ƙwayar cutar, gwaji ya kasa ganinta.